Vienna da manyan masu tsara kiɗan Turai: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu fara sauraron kiɗan kilasika, da ɗalibai, da waɗanda suka ci karo da sunan Mozart ko Beethoven suke son sanin mafarin abin. An faro daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma inda wata amsa ta jingina da wata, an nuna lambarta.

1. Me ake nufi da kiɗan kilasika, kuma mene ne aikin mai tsara kiɗa?

Kiɗa ne da ake rubutawa a takarda tun kafin a kaɗa shi. Mutum ɗaya ke zama ya ƙago karin, ya raba wa kowane kayan kiɗa abin da zai yi, ya nuna inda za a ɗaga sauti da inda za a sassauta, da saurin da za a bi. Shi ne mai tsara kiɗa. Makaɗa kuwa aikinsu su karanta rubutun su fito da shi, ko da mai shi ya shekara 200 a kabari.

In an faɗaɗa, sunan ya ƙunshi duk kiɗan Turai da aka rubuta ta wannan hanya cikin ɗaruruwan shekaru. In an taƙaita, ana nufin zamanin da ya faro wajen 1750 ya kai shekarun 1820, kuma cibiyar wannan zamani ita ce Vienna, babban birnin Ostiriya.

2. Me ya sa Vienna, alhali Landan da Faris sun fi ta yawan jama'a da dukiya?

Vienna ita ce mazaunin gidan sarautar Habsburg, wanda mulkinsa ya haɗa Jamusawa, mutanen Bohemiya, Hangari, wani yanki na Italiya da na Polan. Manyan masu sarauta na waɗannan ƙasashe suna da gonaki da fadoji a yankunansu, amma da sanyi ya shigo sai su tattaro su dawo gidajensu na Vienna. Gidaje irin su Esterházy, Lobkowitz, Kinsky, Lichnowsky da Liechtenstein suna gasa da juna a kan kiɗa: wani na da cikakken gungun makaɗa, wani na da mabusa takwas, wani na biyan makaɗa huɗu su zauna a gidansa. Su kansu sarakunan daular masu kiɗa ne. Leopold na Ɗaya ya tsara kiɗa da hannunsa, Joseph na Biyu yana kaɗawa.

Birnin kuma ƙarami ne a wancan lokaci. Mutanensa sun ɗan haura dubu 200 a ƙarshen ƙarni na 18, kuma tsakiyarsa da ganuwa ta kewaye, ana ratsa ta da ƙafa cikin mintuna kaɗan. Fada, babban cocin Stephansdom, gidan wasa na Burgtheater, kamfanin buga rubutun kiɗa na Artaria da shagunan masu ƙera piyano duk suna maƙwabtaka. Abin da wani ya tsara yau, abokin gasarsa zai ji shi kafin mako ya zagayo. Ga makaɗa daga Bohemiya da suka ƙware a kayan busa, ga mawaƙan opera, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa da waƙa, daga Italiya, ga karin raye-rayen ƙauyukan Ostiriya da Hangari. Landan ta fi biya, amma a Vienna ne waɗannan suka haɗu a wuri ɗaya har tsawon fiye da ƙarni guda ba tare da yankewa ba.

3. Manyan masu tsara kiɗan nan duk 'yan asalin Vienna ne?

A'a, yawancinsu baƙi ne. An haifi Joseph Haydn a 1732 a ƙauyen Rohrau, aka kawo shi birnin yana yaro don ya rera waƙa a Stephansdom. Mozart ɗan Salzburg ne, an haife shi a 1756, bai tare a Vienna ba sai 1781. Beethoven daga Bonn ya zo a 1792, Brahms daga Hamburg a 1862, Bruckner daga Linz a 1868, Mahler kuma haifaffen Bohemiya ne. Salieri ɗan Italiya ne. Cikin manyan sunaye, waɗanda aka haifa a birnin su ne Schubert, iyalan Strauss, Schoenberg, Berg da Webern.

4. Da me suke rufa wa kansu asiri?

Wannan ita ce tambayar da ta fi buɗe tarihin, domin cikin rayuwar mutum uku sana'ar ta sauya kamanni gaba ɗaya. Haydn ya shiga hidimar gidan Esterházy a 1761 ya yi kusan shekara 30 a ciki. Matsayinsa ya yi kama da na makaɗin fada a ƙasar Hausa: ubangida ke ci da shi, kiɗansa kuma na ubangida ne. Yarjejeniyarsa ta ce zai sa tufafin ma'aikatan gidan, zai bayyana kullum ya ji ko Yarima na son kiɗa, zai kula da kayan kiɗa da ɗa'ar makaɗa, kuma ba zai ba kowa abin da ya tsara ba sai da izini. Yarima Nikolaus yana son wani kayan tsirkiya mai suna bariton, don haka Haydn ya rubuta masa kiɗan mutum uku fiye da 120 domin wannan kaya kaɗai. Sai a 1779 sabuwar yarjejeniya ta sake masa mara ya sayar wa masu buga littattafai, kuma arzikinsa na gaske ya zo ne daga tafiyarsa biyu zuwa Landan, a 1791 da 1794.

Mozart ya raba gari da ubangidansa, Akbishop Colloredo na Salzburg, a 1781, ya tsaya cin gashin kansa. Hanyoyin samunsa huɗu ne: koyar da 'ya'yan masu hali piyano, shirya taron kiɗa inda mutane ke biyan kuɗin jerin taruka tun da wuri, karɓar aikin opera, da sayar da rubutu ga masu bugawa. A 1784 mutum fiye da 170 suka sa suna a jerin tarukansa. A 1787 ya sami ƙaramin muƙami a fada mai gulden 800 a shekara (gulden kuɗin Ostiriya ne na lokacin), inda mai tsara kiɗa Gluck da ya riga shi yake karɓar 2,000. Da yaƙi ya ɓarke da Daular Usmaniyya a 1788, masu sarauta suka tsuke bakin aljihu, taruka suka ja baya, ya shiga rubuta wa abokinsa Michael Puchberg wasiƙun neman rance.

Beethoven bai taɓa zama bawan wani gida a Vienna ba. Da aka yi masa tayin aiki a birnin Kassel na Jamus, sai mutum uku, wato Yarima Rudolph ƙanin sarki, da Yarima Kinsky, da Yarima Lobkowitz, suka haɗa masa gulden 4,000 a shekara a 1809, sharaɗin kawai kada ya bar ƙasar. Faɗuwar darajar kuɗin Ostiriya a 1811 ta cinye kaso mai yawa na wannan alawus, har ta kai shi ga shari'a. Duk da haka abin sabo ne: ana biyan mai tsara kiɗa ya rubuta abin da ya ga dama.

5. Haydn, Mozart da Beethoven sun san juna?

Haydn da Mozart aminai ne duk da tazarar shekara 24. Sun kaɗa tare a gidajen abokai, Haydn da biyolin, wato gogen Turawa, Mozart da 'yar'uwarta biyola. Mozart ya tsara kwatet, wato kiɗan mutum huɗu, guda shida ya sadaukar da su ga Haydn a 1785, kuma bayan ya saurari wasu daga ciki ne Haydn ya shaida wa mahaifin Mozart cewa ɗansa shi ne mafi girman mai tsara kiɗa da ya sani. Mahaifin ne ya rubuta maganar a wasiƙa zuwa ga 'yarsa.

Beethoven ya leƙo Vienna a 1787 yana ɗan shekara 16, rashin lafiyar mahaifiyarsa ya mayar da shi gida cikin gaggawa. Da ya dawo a 1792 Mozart ya riga ya rasu, sai ya zama ɗalibin Haydn. Karatun bai yi armashi ba, domin hankalin Haydn na kan Landan, shi kuma ɗalibin ba mai saurin rusunawa ba ne. Ya ci gaba da karatu wurin Albrechtsberger da Salieri. Amma duk wanda ya saurari yadda Beethoven ke gina dogon kiɗa daga ɗan guntun kari zai ji hannun Haydn a ciki (duba tambaya ta 7).

6. Mene ne bambancin simfoni, konsato, sonata da kwatet?

Bambancin yana ga wanda ke kaɗawa. Simfoni na cikakken gungun makaɗa ne: masu tsirkiya, mabusa da mai ganga. Konsato gwani ɗaya ne, misali mai piyano, yana musayar magana da gungun. Sonata ta mutum ɗaya ce ko biyu. Kwatet na tsirkiya mutum huɗu ne: biyolin biyu, wato gogen Turawa, da biyola mai ɗan kaurin murya, da cello mai zurfin murya.

Simfoni da kwatet yawanci babi huɗu ne: na farko mai sauri, na biyu a hankali, na uku rawa mai bugu uku-uku, na huɗu mai sauri don rufewa. Konsato babi uku ne. Haydn ya bar simfoni 104 masu lamba, na Mozart lambarsu ta tsaya a 41, Beethoven tara kacal, amma yawancin taran sun fi na magabatansa nauyi. Girman gungun ma ya ƙaru: Haydn a gidan Esterházy da wuya makaɗansa su wuce 25, Mahler kuwa yakan nemi fiye da 100.

7. Ana yawan maganar “tsarin sonata”. Yaya zan gane shi da kunne?

Shi ne ƙashin bayan babin farko na yawancin kiɗan Vienna, kuma yana da zango uku. Kowane kiɗa yana da gidan sauti, wato rukunin sautukan da kunne ke jin nan ne masauki. A zangon farko ana gabatar da kari na ɗaya a gida, sai a yi ƙaura zuwa wani gidan a gabatar da kari na biyu, wanda sau da yawa ya fi taushi. A zango na biyu ana yayyanka waɗannan kari, a juya su, a yi ta yawo da su daga gida zuwa gida har hankalin mai sauraro ya ƙi kwanciya. A zango na uku kari na ɗaya ya dawo kamar yadda aka faro, na biyu ma ya dawo, amma wannan karon a gidan asali.

A gwada da babin farko na Simfoni na 40 na Mozart. Biyolin ke buɗewa da kari mai kama da ajiyar zuciya. Kafin minti ɗaya ya cika ko jim kaɗan bayansa, kiɗan zai tsaya cak na ɗan lokaci, sai kari na biyu ya shigo, masu tsirkiya da mabusa suna miƙa wa juna. Wajen minti biyu za a koma farko a maimaita komai. Nan ne masu fara sauraro ke rikicewa, su ɗauka an shiga zango na uku, alhali maimaici ne kawai, kuma wasu jagororin makaɗa ma tsallake shi suke yi. Alamar zango na biyu ita ce karin farko ya dawo a wani gida da bai zauna daidai a kunne ba. Idan kari na biyu ya sake bayyana a ƙarshe, a lura da yadda ya rikiɗe: da farko mai haske ne, yanzu ya koma mai baƙin ciki, alhali kusan sautukan nan ne dai. Wannan sauyi shi ne ribar duk tafiyar.

Simfoni na 5 na Beethoven ya fi tsauri. Sauti huɗu ne, uku gajeru ɗaya dogo, kuma kusan duk babin mai minti bakwai daga su aka gina shi. Ƙaho ne ke shelar kari na biyu, kuma ko a ƙarƙashinsa masu zurfin murya suna ci gaba da buga sautukan nan huɗu.

8. Da gaske Salieri ne ya kashe Mozart, aka kuma binne shi a kabarin matalauta?

Babu hujjar kisa. Mozart ya rasu ranar 5 ga Disamba 1791 yana da shekara 35, bayan kwana 15 yana kwance da zazzaɓi da kumburin jiki. Jita-jitar guba ta yaɗu daga baya, marubucin Rasha Pushkin ya mai da ita wasan kwaikwayo a 1830, fim ɗin Amadeus na 1984 kuma ya kai ta ko'ina. Salieri shi ne shugaban makaɗan fada daga 1788 zuwa 1824, ya fi Mozart muƙami da albashi, ya koyar da Beethoven, Schubert da Liszt, kuma matar Mozart ta kai masa ɗansu ya koyar da shi.

Jana'izar kuwa irin wadda ake yi wa talakawan gari da matsakaita ce a lokacin: kabari marar dutse a maƙabartar St. Marx, wanda hukuma ke iya sake amfani da shi bayan wasu shekaru. Shi ya sa ainihin gurbin ya ɓace. Ya bar bashi, amma a shekararsa ta ƙarshe kasuwarsa ta fara buɗewa, domin operarsa Die Zauberflöte tana cika gidan wasa. Kiɗan mamata da ya bari bai kammala ba, ɗalibinsa Süssmayr ne ya ƙarasa shi.

9. Yaya kurma ya iya tsara kiɗa?

Beethoven ba da kurunta aka haife shi ba. Jinsa ya fara raguwa yana gab da shekara 30, lokacin da ya riga ya zama gwani. A Oktoba 1802, a ƙauyen Heiligenstadt, ya rubuta wa 'yan'uwansa wasiƙar da bai aika ba, inda ya ce sana'arsa ce kawai ta hana shi kashe kansa. Ya daina kaɗa piyano a bainar jama'a wajen 1814, daga 1818 kuma baƙinsa rubuta masa magana suke yi a littafi. Fiye da 130 na waɗannan littattafai suna nan.

Wanda ya ƙware a rubutun kiɗa yana jin sautin a kansa in ya dubi takarda. Ga shi kuma Beethoven mai yawan gwaji ne a rubuce: dubban shafukan da ya bari sun nuna kari ɗaya ana gyara shi sau da yawa kafin ya zauna. Abin da kurunta ta raba shi da shi shi ne kaɗawa da jagorancin makaɗa. Ranar 7 ga Mayu 1824, da aka fara kaɗa Simfoni na 9, yana tsaye a gaba yana nuna sauri, amma Michael Umlauf makaɗan ke bi. An ruwaito cewa sai da wata mawaƙiya ta juyo da shi sannan ya ga jama'a na tafi.

10. Me ya kawo “kiɗan Turkawa” cikin ayyukansu?

Maƙwabtaka da yaƙi. Rundunar Daular Usmaniyya ta yi wa Vienna ƙawanya a 1529 da 1683, kuma tana tafe da makaɗan soja masu babbar ganga, faya-fayan tagulla da ake gwarawa, da zurna, wadda 'yar gida ɗaya ce da algaita. Da tsoro ya gushe, sai wannan amo ya zama abin yayi. Turawa suka ɗauki babbar ganga, faya-fayan tagulla da ƙarfe mai kusurwa uku suka shigar cikin gungunsu, har aka ƙera piyano mai abin takawa da ke buga ƙararrawa da ganga. Ana jin sa a operar Mozart ta 1782 da labarinta ke gidan wani Pasha, wato basaraken Turkawa, da babin ƙarshe na sonatarsa K. 331 (duba tambaya ta 17), da Simfoni na 100 na Haydn, da tsakiyar babin ƙarshe na Simfoni na 9 na Beethoven. Kwaikwayo ne daga nesa. Ainihin tsarin karin Turkawa bai shiga ciki ba.

11. Akwai 'yan Afirka a wannan tarihi?

Akwai, kuma biyu sun fi shahara. George Bridgetower, gwanin biyolin wanda mahaifinsa baƙar fata ne da ya yi aiki a gidan Esterházy, shi ne ya fara kaɗa babbar sonatar biyolin ta Beethoven, Op. 47, tare da Beethoven a piyano, ranar 24 ga Mayu 1803 a lambun Augarten na Vienna. Rubutun bai gama bushewa ba, har wani babi sai leƙen takardar Beethoven yake yi. Daga baya suka ɓata, Beethoven ya sadaukar da ita ga Rodolphe Kreutzer na Faransa, wanda bai taɓa kaɗa ta ba, amma sunansa take ɗauke da shi har yau.

Na biyu shi ne Angelo Soliman, wanda masana tarihi da dama ke danganta asalinsa da yankin Borno. An kama shi bawa yana yaro, ya bi ta Italiya ya iso Vienna, ya yi hidima a gidajen Lobkowitz da Liechtenstein, ya zama mutum mai ilimi da harsuna da yawa. Yana cikin reshen Freemason, wata ƙungiyar 'yan'uwantaka ta sirri, da Haydn ya shiga a 1785, wanda Mozart ke yawan ziyarta. Da ya rasu a 1796, aka feɗe fatarsa aka cusa mata kaya aka ajiye a ɗakin tarihin halittu na sarki, duk da roƙon da 'yarsa ta yi ta yi a ba ta ta binne. Gobara ce ta cinye ta a 1848. Birnin da ya reni wannan kiɗa shi ne ya aikata wannan, kuma bai kamata a ba da tarihin ɗaya a ɓoye ɗayan ba.

12. Piyanonsu irin na yau ne?

A'a. Na Mozart, ƙirar Anton Walter, jikinsa katako ne zalla, maɓallansa 61, gudumominsa ƙanana masu rufin fata. Sautinsa siriri ne, yana fita tar kuma ya mutu da wuri. Na yau maɓalli 88 ne da firam na ƙarfe, sautinsa mai kauri da daɗewa. Matsalar da wannan ke haifarwa ita ce mai kaɗa Mozart a piyanon zamani, in ya yawaita taka abin riƙe sauti, gudun yatsu sai ya cakuɗe, hannun hagu ya danne na dama. Beethoven ya yi ta matsa wa maƙera irin su Nannette Streicher su ƙara ƙarfi da faɗi, kuma sonatocinsa 32 suna faɗaɗa tare da kayan. Kamfanin Bösendorfer da aka kafa a Vienna a 1828 yana aiki har yanzu.

13. Me ya sa Schubert bai yi suna ba sai bayan ransa?

Ya rasa yawancin hanyoyin da aka lissafa a tambaya ta 4: ba shi da ubangida, ba gwanin da zai cika zaure da piyano ba ne, operorinsa kuma ba su karɓu ba. Rayuwarsa hannu baka hannu ƙwarya ce, yana kwana gidajen abokai, kiɗansa kuma a falon masu son sa ake jin sa. Ya tsara waƙoƙi fiye da 600 na murya ɗaya da piyano, inda piyanon ke zana abin da baitin ke faɗa: sukuwar doki a Erlkönig, takun matafiyi cikin ƙanƙara a Winterreise. Taron jama'a na kiɗansa zalla sau ɗaya ya yi, ranar 26 ga Maris 1828, ya rasu a Nuwambar shekarar yana da shekara 31. Mai tsara kiɗa Schumann ne ya tono babban simfonin Schubert a gidan ɗan'uwan marigayin, takwaransa Mendelssohn ya kaɗa shi a Leipzig a 1839. Simfoninsa da ake kira marar ƙarshe, domin bai kammala shi ba, na 1822, bai shiga kunnen jama'a ba sai 1865.

14. Ina matsayin iyalan Strauss da taron sabuwar shekara?

Su ne ɓangaren kasuwa na kiɗan birnin. Johann Strauss uba da Joseph Lanner suka ɗauki rawar wals mai bugu uku suka mai da ita sana'a a manyan zaurukan rawa. Ɗan Strauss, shi ma Johann, ya zarce mahaifinsa. Kiɗansa na kogin Danube, na 1867, da farko waƙar ƙungiyar mawaƙa maza ce. Makaɗan Vienna suna da salon kansu: bugu na biyu yakan ɗan rigayi lokacinsa, na uku ya ɗan jinkirta. Ba a rubuta wannan a takarda, da kunne ake gadonsa.

Taron sabuwar shekara na gungun Vienna Philharmonic, wanda aka kafa a 1842, ya faro ne a ƙarshen 1939, zamanin mulkin 'yan Nazi. Ana yin sa a zauren zinariya na Musikverein da aka buɗe a 1870, ana nuna shi a ƙasashe da dama, ana rufewa da kiɗan Danube da macin Radetzky inda jama'a ke tafi. Tikitinsa ta hanyar ƙuri'a ake samu, a farkon shekarar da ta gabace shi. Gungun bai fara karɓar mata a matsayin cikakkun 'yan ƙungiya ba sai 1997.

15. Bayan Beethoven, wa ya ɗauki tutar?

Inuwarsa ta yi wa na baya nauyi. Brahms ya shafe kusan shekara 20 yana fama da simfoninsa na farko kafin ya sake shi a 1876. Birnin ya rabu gida biyu: masu bin Brahms, da mai sharhi Eduard Hanslick a gaba, da masu bin Wagner, mai tsara opera na Jamus, waɗanda suka rungumi Bruckner. Da aka fara kaɗa Simfoni na 3 na Bruckner a Vienna a 1877, yawancin jama'a sun fice kafin a gama.

Mahler ya shugabanci gidan opera na fada daga 1897 zuwa 1907. Bayahude ne, kuma sai da ya shiga Katolika kafin a ba shi kujerar. Ya hana masu latti shiga ana tsakiyar wasa, ya sa a rage fitilu, ya tsananta atisaye, nasa kiɗan kuma sai lokacin hutun bazara yake samun rubutawa. Jaridun masu ƙin Yahudawa ba su bar shi ya sarara ba har ya tafi New York.

16. Mene ne “makarantar Vienna ta biyu”, kuma me ya kawo ƙarshen zamanin?

Schoenberg ne da ɗalibansa Berg da Webern; ta farko ita ce ta Haydn, Mozart da Beethoven. Sun bar gidan sauti da aka bayyana a tambaya ta 7. A farkon shekarun 1920 Schoenberg ya kafa wata ƙa'ida: a jera sautuka 12 da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama, a gina kiɗan daga wannan jeri, a karanta shi gaba, ko baya, ko a kife, don kada wani sauti ya zama masauki. Tun kafin haka jama'a sun tayar: a taron 31 ga Maris 1913 a Musikverein an kai ga dambe, aka tashi ba a gama ba. Mai son shiga wannan kiɗa ya fara da konsaton biyolin na Berg, na 1935.

Daular Habsburg ta rushe a 1918, amma abin da ya karya ƙashin bayan birnin shi ne haɗe Ostiriya da Jamus ta Hitler a 1938. An haramta kiɗan Mahler da Schoenberg, an kori makaɗa 13 daga Philharmonic, wasunsu suka mutu a sansanonin 'yan Nazi. Waɗanda suka tsira sun kai gadon Amurka. Erich Korngold, da Max Steiner wanda ya riga shi ƙaura, su suka aza harsashin kiɗan finafinan Hollywood mai cikakken gungu, don haka wanda ya saba kallon fim ya daɗe yana jin amon Vienna.

17. Mene ne ma'anar Op., K., D. da Hob. da ke bin sunan kiɗa?

Lambobin tantancewa ne, domin “sonatar Mozart” kawai ba ta isa a gane wadda ake nufi ba. Op. lambar bugawa ce, don haka ba kullum take nuna wanda aka riga rubutawa ba. Konsaton piyano na 2 na Beethoven ya girmi na 1. K. daga Köchel ne, wanda ya jera ayyukan Mozart a 1862 har zuwa 626. D. daga Deutsch ne, na Schubert, Hob. kuma daga Hoboken, na Haydn. Wurin nema a intanet, a rubuta sunan mai tsarawa da lambar kaɗai.

18. Daga ina zan fara sauraro, kuma wane kuskure zan guje wa?

A fara da babi ɗaya, a saurare shi sau uku ko huɗu a ranaku dabam-dabam kafin a wuce. Babi na biyu na Simfoni na 94 na Haydn, Simfoni na 40 da konsaton kilarinet (wani kayan busa) na Mozart, Simfoni na 5 da na 7 na Beethoven, sai marar ƙarshe na Schubert, sun isa watanni. A bar Bruckner da Mahler sai kunne ya saba, domin simfoni ɗaya nasu yakan wuce awa guda.

Lasifikar waya tana yanke zurfin sauti, wanda a kansa ginin yake, don haka a sa abin kunne. Tazarar da ke tsakanin sassauci da ƙarfi tana da faɗi ƙwarai: in an ƙure sauti a wurin da ya yi ƙasa, inda ya tashi zai yi wa kunne illa. Kada a bar manhaja ta cakuɗa babi-babi. Faya-fayan da ke tara guntaye da sunan kiɗan barci ko na karatu suna yanke kari daga ginin da ya ba shi ma'ana. A zauren taro kuma al'adar yau ita ce a riƙe tafi sai an gama duka babin, ko da yake a zamanin Mozart ana tafi har ana cikin kaɗawa.

19. In na sami zuwa Vienna, me ya rage da zan gani?

Gidan da Mozart ya zauna daga 1784 zuwa 1787 yana lamba 5 a titin Domgasse, bayan Stephansdom. Gidan Haydn na Gumpendorf, gidan haihuwar Schubert da gidan Beethoven na Heiligenstadt duk an mai da su gidajen tarihi. Theater an der Wien, inda aka fara kaɗa Simfoni na 5 da na 6 a dare ɗaya, ranar 22 ga Disamba 1808, a taron awa huɗu cikin tsananin sanyi, yana aiki har yau. Gidan opera na ƙasa, da aka buɗe a 1869, bom ya rusa a 1945, aka sake buɗe shi a 1955 da operar Beethoven, yana sayar da tikitin tsayuwa mai rahusa, haka ma Musikverein. A babbar maƙabartar Zentralfriedhof, sashe na 32A, kaburburan Beethoven, Schubert, Brahms da Strauss suna kusa da juna. Na Mozart da ke tsakiyarsu dutsen tunawa ne kawai (duba tambaya ta 8). Masu sanye da kayan zamanin da da gashin kanti da ke tallar tikiti a bakin titi, tarukan 'yan yawon buɗe ido suke sayarwa. Tikitin manyan gidajen a tagoginsu ko a shafukansu na intanet ake saye, kuma gidan opera yana hutu a watannin Yuli da Agusta.